Alhaji, Ajiye Kofin Shayin Tukuna

Tun ban zauna ba na ga ka taɓe baki, Alhaji. Na san karatun, na ma haddace shi: gwamnati ba ta iya komai ba, kayan gwamnati kayan banza, ko rijiya ka ba ta ajiya kafin shekara sai an koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Kullum da wannan kake buɗe majalisa a teburin mai shayi, 'yan'uwanka Kanawa suna gyaɗa kai kamar an shafa fatiha. To ni Bazazzagi ne, kuma ka san tun kaka da kakanni mu ke gyara muku karatu. Saurara da kyau, don ba zan maimaita ba.

Wace ƙasa kake kafa mana hujja da ita kullum? Amurka. Can ne, in ji ka, kowa da shagonsa, hukuma ba ta leƙa buhun kowa. Madalla. A watan Fabrairun 1942, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, wata 2 bayan Japan ta yi ruwan bama-bamai a Pearl Harbor, gwamnatin wannan Amurkar taka ta hana ƙera motar shiga ta farar hula. Ba haraji ta ƙara ba, ba roƙo ta yi ba. Cewa ta yi a tsaya, aka kuwa tsaya. Ford da General Motors da Chrysler, manyan da ko shugaban ƙasa sai ya yi sallama kafin ya shiga zaurensu, duk suka kwance injinan mota suka koma ƙera tankoki da jirage da bindigogi, har zuwa 1945. Ka ɗauka an wayi gari an ce wa 'yan Kantin Kwari daga yau ba atamfa, ba shadda, ba leshi, kaki kaɗai za a sayar, kuma ga farashin. Na ga ka gyara zama.

Hukumar da ta yi wannan aikin an kafa ta ne a Janairun 1942, hukumar sarrafa kayan yaƙi. Wanda shugaba Roosevelt ya ɗora a kanta ba janar ba ne. Sunansa Donald Nelson, daga kamfanin Sears Roebuck aka ɗauko shi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sanin wa ke ƙera safa, wa ke ƙera guduma, nawa ne sari. Kafin shi an riga an jawo William Knudsen, shugaban General Motors, ya bar kujerarsa ya zo yi wa gwamnati aiki. Irinsu da yawa dala 1 ake rubuta musu a matsayin albashin shekara, don kawai a ce ma'aikata ne.

Yauwa, ga ka ka ɗaga yatsa. "Ai ka gani! Ashe dai 'yan kasuwa ne suka yi aikin." Na ba ka rabi, ka riƙe. Amma da kuɗin wa aka gina sababbin masana'antun? Da yawansu gwamnati ce ta gina, nata ne, ta miƙa wa kamfanoni makulli su tafiyar. Wa ke sayen kayan? Gwamnati. Wa ke cewa a ƙera kaza a bar kaza? Gwamnati. Kwangiloli da yawa kuma ga yadda suke: duk abin da ka kashe za a biya ka, sannan a ɗora maka riba a kai. Alhaji, idonka ya kawo ruwa. Irin wannan kwangilar ko a mafarki ba ka taɓa samu ba. Ministan yaƙi na lokacin, Henry Stimson, bai ɓoye dalili ba: a ganinsa ƙasar da 'yan jari hujja ke riƙe da masana'antu, in ba ka bar su sun ci riba ba, ba za su motsa ba. Kamar ya taɓa zama a Kano.

Abin da ya fito kuwa ba na wasa ba ne. A watan Mayun 1940 Roosevelt ya ce yana son jiragen sama 50,000 a shekara, mutane suka ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi. A 1944 kaɗai an ƙera kusan 96,000. A Willow Run, kusa da Detroit, Ford ya gina masana'antar jirgin B-24 mai inji 4. Da farko abin ya ƙi tafiya har 'yan jarida suka mai da wurin abin ba'a, amma zuwa 1944 kusan kowace awa sai jirgi ya fito. Jiragen ruwan dakon kaya da ake kira Liberty an ƙera 2,710. Ɗaya daga cikinsu, Robert E. Peary, cikin kwana 4 da awa 15 aka haɗa shi aka tura ruwa. Wannan kam burga ce, an shirya ta don jaridu, kada ka ce na ɓoye maka. Amma ko na yau da kullum an kai ana gama shi cikin kwana 40 da 'yan kai.

To yanzu bari in ba ka naka rabon dariyar, don in na tsaya nan za ka ce an biya ni.

A farkon lamari gwamnatin ta yi daidai abin da kake zarginta da shi. Ƙarfe bai isa kowa ba, sai aka ce a riƙa ba kamfanoni takardar fifiko: mai aikin gaggawa a ba shi lamba A-1, shi za a fara sallama. Ka san abin da ya biyo baya, don ka taɓa zuwa ofis da katin wani babba ka tarar duk mutanen da ke kan benci kowa da irin katin a aljihu. Sojan ƙasa suka ce nasu duk na gaggawa ne. Sojan ruwa suka ce nasu ya fi. Kowa ya zama A-1. Sai aka yanka A-1 gida-gida, daga A-1-a zuwa ƙasa. Kowa ya koma A-1-a. Aka ƙirƙiro AA a samansu, daga baya har AAA. Takarda ta yi yawa, ƙarfe yana nan yadda yake. Wannan kamfani ya samu ƙarfen gangar jiki bai samu jan ƙarfen waya ba, wancan ya tara jan ƙarfe ya kulle don tsoron gobe. Sai ka ga kaya sun kusa ƙarewa suna zaune suna jiran wani ɗan abu da bai kai tafin hannu ba. Dambu ya yi yawa, ya daina jin mai.

Wa ya warware? A nan ne zancenka da nawa duk suke karyewa. Ba attajiri ba ne, ba kuma mai tauraro a kafaɗa ba. Masu lissafi ne. Wani masanin tattalin arziki, Simon Kuznets, da abokin aikinsa Robert Nathan, suka zauna da alƙaluma suka auna abin da sojoji ke nema na 1943 da abin da ƙasar za ta iya samarwa, suka ce ba zai yiwu ba, in aka nace za a ƙare da tulin kayan da ba a gama ba. Janar Brehon Somervell, mai kula da kayan sojan ƙasa, ya harzuƙa, wai malaman makaranta za su koya masa yaƙi. Aka yi ta kai ruwa rana, ƙarshe dai sojoji suka rage buri. Kuznets ɗin nan shi ne ya ci kyautar Nobel a 1971.

Sannan wani Ferdinand Eberstadt ya kawo tsarin da aka sanar a Nuwamban 1942, aka fara aiki da shi a 1943. Ba sai na wahalar da kai da Turanci ba, Alhaji, watanda ce. In za ku yanka sa a jajiberin salla, ba ku rubuta sunan mutum 60 a kan san da zai ba da kashi 20. Ku fara duba san, sannan ku kasa. Haka suka yi. Suka zaɓi abu 3 kacal, baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da alminiyam, don duk abin yaƙi sai ya bi ta kansu. Duk wata 3 a ƙidaya nawa za a samu, a kasa wa sojan ƙasa nasu, sojan ruwa nasu, masu jiragen dako nasu, ƙawayen yaƙi nasu, farar hula ɗan abin da ya rage. Kowane ya raba wa manyan 'yan kwangilarsa, su kuma su raba wa ƙanana. Ba mai riƙe takardar da babu ƙarfe a bayanta. In janar yana son ƙarin tankoki, sai ya faɗi abin da zai haƙura da shi daga cikin kashinsa. Abin da mahautan unguwarku suka sani tun zamanin Bagauda, Amurka sai da ta ɓata kusan shekara kafin ta gano.

Ka ce ba a yi sata ba? Haba, an yi. Wani sanata daga Missouri, Harry Truman, ya shiga motarsa ya zaga sansanonin soja da ake ginawa, ya ga yadda 'yan kwangila ke wasa da kuɗi. A 1941 aka kafa kwamitin bincike yana shugabanta, suka yi ta tona asiri ana tsaka da yaƙi, ba a ce a jira sai ƙura ta lafa ba. Sunan da ya yi a nan ne ya kai shi mataimakin shugaban ƙasa, a Afrilun 1945 kuma ya hau kujerar. Ban ce komai ba. Shayinka ka sha.

Ga wani abin da zai ba ka haushi. A ƙarshen 1942 aka ƙayyade man fetur a duk Amurka, ƙasar da a lokacin ta fi kowa haƙo mai. Ba man ne ya yi ƙaranci a ƙasa ba, taya ake tattali. Japan ta mamaye yankin da kusan duk robar duniya ke fitowa, sai aka ga hanyar da za a hana mutum cinye tayarsa ita ce a hana shi mai. Aka kuma ce kada mota ta wuce mil 35 a awa, wajen kilomita 56 ke nan. Direbobin hanyar Kano zuwa Zariya da sun yi bore. Kafin yaƙi ya ƙare gwamnati ta gina masana'antun robar haɗi, ta cike gurbin.

Hajiya, na ji ki daga bayan labule kina cewa duk wannan zancen maza ne, ina ruwanki da tanka. To Ingila ta shigo har madafinki. A watan Yulin 1940 ministan ƙera jiragen sama, Lord Beaverbrook, ya roƙi matan gida su kawo tukwanensu na alminiyam a narka a yi jiragen yaƙi. Suka kwaso, tuli guda. Daga baya aka gane ba a buƙace su sosai ba, abin ya fi amfani wajen sa kowa ya ji da shi ake yi. Ki yi tunanin wani minista ya ce ki kwashe jeren da ke cikin kabad ɗinki. Ko Hitila da kansa ba zai iya ba.

Amma rabon abinci na gaske ne. Daga 8 ga Janairun 1940 kowa da ɗan littafinsa na rabo, ka yi rajista da kanti ɗaya, mai kanti ya soke maka shafi. Aka fara da sukari da man shanu da naman alade, nama ya biyo, ganyen shayi ya biyo. Ganyen shayi, Alhaji, oza 2 a mako, wajen giram 57. A Ingila! Ƙwai kuwa galibi ɗaya a mako. Mai shayin nan da yake fasa maka 3 a zama ɗaya da tuni an kai shi kotu. Tufafi ma daga Yunin 1941 sai da takarda, maki 66 a shekara, daga baya aka rage. Abin da ya sa mutane suka haƙura shi ne sun ga rabon ya hau kan kowa, ko da masu kuɗi sun samu hanyar cin abinci a otal, kasuwar bayan fage kuma ba ta mutu ba. Sarki George na 6 ma yana da littafinsa. Matar Roosevelt da ta sauka a fadar Buckingham a 1942 ta tarar an ja layi a jikin bahon wanka, kada ruwa ya wuce nan. Yaƙi ya ƙare a 1945, rabon bai ƙare ba sai 1954. Burodi ma da ba a taɓa ƙayyade shi lokacin yaƙi ba, sai a 1946 aka ƙayyade shi. Ka ga gwamnati in ta karɓi makullin shago ba ta gaggawar mayarwa. Wannan maki naka ne, rubuta.

Kai kuma Kwamared, da ka yi shiru a ƙarshen benci kana murmushi, na san me kake ƙullawa. So kake ka ce to shi ke nan, a miƙa wa gwamnati komai, tun da ga shi ta iya. Za ka kawo mini Tarayyar Sobiyet, yadda a 1941 suka kwance manyan masana'antu sama da 1,500 suka loda a jirgin ƙasa suka kai gabas, har garin Chelyabinsk ya samu laƙabin birnin tankoki. Gaskiya ne, kuma abin mamaki ne. Sai dai ka lura, a yaƙi mai saye ɗaya ne, abin da yake so kuma sananne ne: harsashi mai kauri kaza, guda kaza, ranar kaza. Soja ba ya mayar da tanka don launin bai yi masa ba. Ran da aka zauna lafiya masu saye miliyoyi ne, kuma ɗaya daga cikinsu Hajiya ce, wadda za ta sa a sauke mata atamfa 30 ta ce babu wadda ta kwanta mata. Je ka kasa wannan a watanda in gani.

Akwai kuma abin da ku biyun kuke tsallakewa, kai da Alhaji. Duk lissafin nan na ƙarfe da roba, a ƙarshensa jikin wani ne yake biya. A Ingila, da kwal ya yi ƙaranci, ministan ƙwadago Ernest Bevin ya sa daga Disamban 1943 a riƙa jefa ƙuri'a: cikin samari 10 da aka kira soja, 1 ramin kwal za shi, ko ɗan wane ne. Wajen 48,000 suka shiga ramin. A Jamus, Albert Speer da ake yaba wa da haɓaka ƙera makamai daga 1942, da gumin miliyoyin mutanen da aka kamo da fursunoni ya yi, kuma kotun Nuremberg ta ɗaure shi shekara 20.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ranar 15 ga Fabrairun 1942 Singafo ta faɗa hannun Japan, Malaya ta riga ta tafi, da ita kuma babbar hanyar da Ingila ke samun kuza. Kuza kuwa da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake liƙe waya, tana cikin sassan inji. Wani a Landan ya buɗe taswira ya duba inda kuza ta rage a hannunsu, yatsansa ya sauka a kan Jos. Umarni ya gangaro daga Landan zuwa Legas wajen Gwamna Bourdillon, daga nan Kaduna, daga razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, kowa da adadin ƙartin da zai kawo. Watanda ce ita ma, Alhaji, sai dai wannan karon mutane aka kasa. Daga 1942 zuwa 1944 wajen manoma 100,000 aka ɗiba daga lardunan Arewa aka kai aikin kuza na tilas, rukuni bayan rukuni. Mutanenmu suka sa wa abin suna: ɗiban gwamna. Ingila ta sa hannu a yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta hana aikin tilas, amma yarjejeniyar ta bar ƙofa a buɗe in ana yaƙi, ta nan aka shiga.

Muna yara akwai wani tsoho a unguwarmu da ya je. In hunturu ya kama muna rawar ɗari a gindin murhun mai ƙosai, sai ya dube mu ya ce, "Ku wannan ne sanyi? Ba ku kwana a Bukuru ba." Ba ya maganar Hitila, ba ya maganar Japan, ina jin bai ma san inda kuzar take zuwa ba. Abin da ya riƙe shi ne kwanon ƙasa a ka daga rami zuwa wajen wanki tun safe, da bukkar da iska ke ratsawa, da hatsin da ba ya isa, da tarin da ke kama mutum dare ɗaya. Yakan lissafa waɗanda suka tafi tare, ya tsaya a kan waɗanda ba su dawo ba. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa aka kai kan tsauni ba bargo. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu cikin dare, gonaki kuma a gida ba mai nomawa. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, a 1944 aka daina. Abin takaicin, ƙarin kuzar da aka samu bai kai yawan mutanen da aka tara ba ko kusa. Kamfanonin Turawa masu ramukan dai gwamnati ta saye kayansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ka yi shiru, Alhaji. Kwamared ma ya daina murmushi. Kada kuma ku Kanawa ku ce ba ruwanku, don gyaɗarku ma ba ta tsira ba. A 1942 aka faɗaɗa hukumar sayen amfanin gona ta Afirka ta Yamma ta haɗa da gyaɗa, ita ke yanka farashi, ita ke saye, Ingila na neman mai ido rufe. Yaƙi ya wuce, tsarin bai wuce ba, ya rikiɗe ya zama hukumomin sayen amfanin gona da suka daɗe suna yanka wa manomi farashi har bayan mulkin kai. Dalar gyaɗar nan da ka sa hotonta a firam a shagonka, kana nuna wa yara kana cewa lokacin da kasuwa take kasuwa, buhunan da ke jikinta na hukuma ne, jirgin ƙasa suke jira.

Mai shayi, nasa ya huce, zuba masa wani. Ƙwai ɗaya za ka fasa masa, na mako ne. Kuɗin kuma shi zai biya.